Kesennuma, garin masunta a ƙasar Japon

1. Ina garin yake?

Ƙasar Japon tana can gabas mai nisa, a ƙarshen nahiyar Asiya. Ƙasa ce ta tsibirai, ruwan teku ya kewaye ta ko'ina. Manyan tsibiranta huɗu ne. Wanda ya fi girma sunansa Honshu, kuma a cikinsa babban birnin ƙasar yake, wato Tokiyo. Rana tana fitowa a Japon tun Nijar tana cikin dare. Tsakanin agogon ƙasashen biyu akwai awa 8. In ƴan makarantar Maraɗi sun shiga aji da ƙarfe 8 na safe, a Japon ƙarfe 4 na la'asar ne.

Kesennuma gari ne na bakin teku. Yana cikin jihar Miyagi, kimanin kilometir 400 arewa da Tokiyo. Yana duban gabas, wajen tekun Fasifik, wanda ya fi kowane teku girma a duniya. A ƙidayar 2020 mutanen garin sun kai kimanin 61,000.

Bakin tekun wannan yanki ba miƙaƙƙe ba ne. Duwatsu masu itatuwa suna gangarowa har cikin ruwa, ruwa kuma yana kutsawa cikin kwaruruka tsakanin duwatsu. In an dubi taswira sai a ga gaɓar kamar haƙoran zarto. Kesennuma yana ƙuryar ɗaya daga cikin waɗannan lungunan teku. A bakin lungun akwai wani tsibiri mai suna Oshima, wanda yake tare iska da raƙuman ruwa kamar yadda danga take tare iska a gida. Saboda haka ruwan lungun a kwance yake, jirage suna kwana lafiya. Abin da ya sa aka yi tashar jiragen ruwa a nan ke nan.

2. Me ya sa kifi ya yi yawa?

A cikin teku ruwa yana tafiya kamar kogi, ko da yake babu gaɓa. Irin waɗannan kogunan cikin teku guda biyu suna gamuwa daura da Kesennuma. Na farko sunansa Kuroshiyo. Daga kudu yake tasowa, ruwansa da ɗumi. Na biyu sunansa Oyashiyo. Daga arewa yake gangarowa, ruwansa da sanyi, kuma yana ɗauke da abinci mai yawa.

Inda suka gamu, wasu ƙananan halittu suna yaɗuwa ƙwarai. Ido ba ya ganin yawancinsu. Ana ce musu falankiton. Ƙananan kifaye suna cin falankiton, manyan kifaye kuma suna cin ƙanana. Kifin ruwan ɗumi da kifin ruwan sanyi duk a nan suke haɗuwa, kamar yadda fatake suke haɗuwa ran kasuwa. Shi ya sa wurin yana cikin wuraren su da suka fi albarka a duniya.

Wasu jiragen garin ba su tsayawa kusa. Masu neman babban kifin nan da ake kira tuna sukan tafi tekun Indiya ko tekun Atlantika, su yi shekara guda ko fiye ba su ga gida ba. Da yawa cikin ma'aikatan jiragen mutanen Indonesiya ne. Ran da jirage za su tashi, iyalai sukan taru a bakin ruwa da tutoci. Ana miƙa dogayen zirin takarda masu launi daga jirgi zuwa hannun masu rakiya. Jirgi yana tafiya takarda tana warwarewa, har ta tsinke.

3. Kasuwar kifi

Baƙon da ya zo Kesennuma, wurin da za a fara kai shi kasuwar kifi ce. Sai ya yi sammako, don kasuwar da asuba take ci. Doguwar rumfa ce a bakin ruwa, jirage suna tsayawa jikinta. A sama an yi wa baƙi wurin tsayawa, su yi kallo ba tare da sun tare wa ma'aikata hanya ba.

Ana sauke kifi, a ware shi iri iri, a auna, a jera. Masu saye suna zagayawa suna duba kowane tuli, sa'an nan kowa ya faɗi kuɗin da zai biya. Wanda ya fi tayi shi ne da kaya. Nan da nan a zuba kifi cikin akwatuna da ƙanƙara, manyan motoci su ɗauka. Kashegari yana kasuwannin Tokiyo.

Kifin da garin ya fi alfahari da shi sunansa katsuwo. Dangin tuna ne, bayansa shuɗi, cikinsa fari da zane. Yana iya kai tsawon hannun babban mutum. Ana kama shi da taru, ana kuma kama shi da fatsa. Kamun fatsa abin kallo ne. In jirgi ya iske garken katsuwo, sai a watsa musu ƙananan kifaye masu rai, a kuma yi ta fesa ruwa bisa teku. Katsuwo su ruɗe, su yi ta cafkar duk abin da suka gani. Masunta suna jere a gefen jirgi, kowa da doguwar sanda. Ƙugiyarsu ba ta da ƙayar da take riƙe kifi. Masunci ya fizgo kifi sama, kifi ya suɓuce ya faɗo cikin jirgi, ƙugiya ta koma ruwa.

Daga 1997 zuwa 2024, shekara fiye da 25 a jere, babu tashar da ta kai Kesennuma sauke ɗanyen katsuwo a Japon duka.

Kusa da kasuwa akwai gidan kallo iri biyu. Ɗaya na kifin shak ne, babban kifin nan mai kaifin haƙora. Ɗayan kuma ɗaki ne mai tsananin sanyi, digiri 20 ƙasa da sifiri, inda aka daskarar da ɗaruruwan kifaye cikin manyan ƙanƙara masu haske. Sai an ara wa baƙo rigar sanyi kafin ya shiga.

4. Abincin garin

Shinkafa ce tuwon mutanen Japon. Ana dafa ta fara, babu mai babu gishiri, a zuba wa kowa tasa cikin ƙaramar tasa. Da ƴan sanduna biyu ake ci. Kusa da shinkafa akwai romon miso. Miso waken soya ne da aka dafa, aka sa gishiri, aka ajiye watanni har ya ruɓa ya yi ƙanshi. Aikinsa a tukunya kamar na daddawa ne. Mahaɗin shinkafa kuwa, teku ne yake bayarwa, kuma kowane lokaci na shekara da nasa.

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu lokacin wakame ne. Wakame ganye ne da yake tsira cikin teku. Noma shi ake yi, bisa igiyoyin da aka shimfiɗa cikin ruwa. In an ciro shi launinsa ƙasa-ƙasa ne, amma da ya taɓa ruwan zafi sai ya koma kore shar. Ana cuɗa shi da gishiri don ya daɗe, ana sa shi cikin romon miso.

Da zafi ya shigo sai katsuwo ya iso daga kudu, yana bin ruwan ɗumi. Wannan na farko ba shi da kitse. Yana wucewa arewa, ya yi kiwo, sa'an nan ya juyo da kaka ya yi ƙiba. Mutanen Kesennuma sun fi son na dawowa. Sukan yanka shi fale-fale su ci ɗanye, da citta ko tafarnuwa, suna tsomawa cikin baƙin ruwan waken soya mai gishiri. Ɗanyen kifin da aka yanka haka sunansa sashimi. Ba kowane kifi ake ci ɗanye ba. Sai na teku, sabon kamu, wanda bai rabu da ƙanƙara ba tun daga jirgi. Kifin kogi da na tabki yana iya ɗaukar tsutsotsi masu sa ciwo, dole a dafa shi ko a soya.

Da kaka kuma akwai sanma, siririn kifi mai ƙyalli kamar wuƙa. Ana kama shi da dare. Jirage suna kunna fitilu masu ƙarfi, sanma su taru ƙarƙashin haske, a kwashe su da taru. Ana barbaɗa masa gishiri a gasa bisa garwashi, a ci da wata farar saiwa mai ɗan yaji da aka gurza. Dā sanma abincin talaka ne. Amma ya ragu ƙwarai. A 2008 masuntan Japon sun kama fiye da tan 300,000, a 2022 kuwa bai kai tan 20,000 ba. Masana sun ce ruwan teku ya ƙara ɗumi, kifin ya yi nisa da gaɓa, kuma jiragen ƙasashe da yawa suna binsa.

Yawancin kifin shak da ake saukewa a Japon a Kesennuma ake sauke shi. Ba a zubar da kome nasa. Ana shanya fukafukinsa a yi romo mai tsada. Ana niƙa namansa a yi wani farin ƙosai mai laushi. Ana jeme fatarsa a ɗinka jaka da alabe. Har zuciyar wani irinsa ana ci.

Da sanyi ya kama, sai kawa ta yi ƙiba.

5. Masuntan da suka shuka itatuwa

Kawa wata halitta ce ta cikin ruwa, dangin katantanwa. Tana da ɓawo biyu masu tauri, namanta yana ciki. Ba ta tafiya ko'ina. A lungunan Kesennuma kiwon ta ake yi. Ana ɗaure itatuwa a yi dandamali mai yawo bisa ruwa, a rataya igiyoyi ƙarƙashinsa, ƴaƴan kawa su manne su yi ta girma. Ba a ba ta abinci. Ruwa take zuƙa, ta tace falankiton ta ci. Babbar kawa guda tana iya tace kimanin lita 200 a rana. Ana cin ta ɗanya, ko a gasa, ko a dafa cikin romo.

Wajen shekarun 1960 da 1970 ruwan lungun ya ɓaci. Dattin gari da na masana'antu ya yi yawa. Wani mugun falankiton mai jan launi ya yaɗu, har ruwa ya yi ja. Kawa ta sha, namanta ya yi ja, masu saye suka ƙi ta.

A cikin masu kiwon kawa akwai wani mutum mai suna Hatakeyama Shigeatsu. A 1984 ya je Faransa ya ga wuraren kiwon kawa. Ya lura inda kogi ya ratso kurmi kafin ya faɗa teku, nan ruwa ya fi albarka. Da ya komo gida sai ya bi kogin Okawa, wanda yake zuba cikin lungun garinsu, har zuwa mafarinsa a duwatsu. Ya ga an sare itatuwan asali masu faɗin ganye a wurare da yawa, an shuka na katako, an bar su babu kulawa.

Masana suka bayyana masa abin da yake faruwa. Ganyen itace yana faɗuwa, ya ruɓe, ya zama taki. Ruwan sama ya ratsa wannan taki, ya ɗauko sinadarin ƙarfe daga ƙasa, ya kai kogi. Kogi ya kai teku. Falankiton mai kyau yana bukatar wannan ƙarfe kafin ya yaɗu. Ashe abincin kawa daga dutse yake farawa. Manomin Nijar ya san irin wannan: hatsin da yake gindin gawo ya fi na fili kyau, saboda ganyen da gawo yake zubarwa.

A 1989 Hatakeyama da abokansa masunta suka hau dutsen Murone, inda kogin yake tasowa. Suka kafa tutocin jiragensu bisa dutse, suka fara dashen itatuwa masu faɗin ganye. Mutane suka yi mamakin ganin masunci da dashe a hannu. Suka sa wa aikin suna mai nuna cewa kurmi da teku masoyan juna ne. Tun daga nan kowace shekara ake taruwa a yi dashe, manoma da masunta da ƴan makaranta. Ana kuma kawo yaran ƙauyukan tudu su shiga jirgi, su ga kawa, su gane cewa abin da suka zuba a kogi wani ne zai ci shi a teku. An dasa dubun dubatar itatuwa, ruwan kogi ya gyaru, na lungu ma haka. A 2012 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Hatakeyama lambar yabo ta masu kare kurmi. Ya rasu a 2025.

6. Wuraren kallo

Bayan gari akwai dutsen Anba, tsawonsa metir 239. Ma'anar sunan ita ce ruwa mai kwanciya, don fatan masunta ke nan. Daga bisansa ana ganin gari duka, da jirage, da dandamalin kawa jere bisa ruwa kamar tabarmi.

Tsibirin Oshima shi ne mafi girma cikin tsibiran da mutane suke zaune a arewa maso gabashin Honshu. Dā sai da jirgin fito ake zuwa. A 2019 aka buɗe wata farar gada mai siffar baka, tsawonta metir 356. A tsibirin akwai wani bakin ruwa mai rairayi mai kuka. In mutum ya taka busasshen rairayin sai ya ji yana cewa ku, ku. A harshen Japon ku tara ke nan. Tara da tara 18, shi ya sa ake rubuta sunan wurin, Kugunari, da alamar 18. Rairayin ba ya kuka sai in yana da tsabta, don haka ake hana zubar da shara a wurin.

A kudancin gari akwai wani tsinin ƙasa mai suna Iwaisaki. Ruwa ya huda dutsen wurin. In raƙumin ruwa ya bugo, sai ruwa ya yi tsiri sama ta cikin ramin, da ƙara. A nan ake nuna wa baƙi yadda mutanen dā suke yin gishiri. A Bilma rana ce take shanye ruwa ta bar gishiri. A Iwaisaki kuwa ruwan teku ake tafasawa bisa wuta har ya ƙone.

Nan kuma aka kafa siffar wani ɗan kokowa, ɗan asalin garin, mai suna Hidenoyama Raigoro. An haife shi a 1808, ya rasu a 1862. Kokowar Japon sunanta sumo. Wanda aka tura waje da da'ira, ko ya taɓa ƙasa da wani abu ban da tafin ƙafa, shi ya faɗi. Babban matsayi a sumo shi ne yokozuna, kamar mai takobi a kokowar Nijar. Hidenoyama shi ne na 9 da ya kai wannan matsayi, ko da yake gajere ne, tsawonsa santimetir 164 kaɗai.

A gabas kuma, a yankin Karakuwa, wani dogon farin dutse yana tsaye cikin teku kamar ginshiƙi. Tsawonsa metir 16. Sunansa Oreishi, wato karyayyen dutse. A 1896 wata babbar ambaliyar teku ta karye kansa, kimanin metir 2. Ambaliyar nan ta kashe mutum wajen 22,000 a wannan gaɓa. Wanda ya dubi dutsen ya san tekun da yake ciyad da garin yana da wata fuska.

7. Ranar 11 ga Maris 2011

Japon ƙasar girgizar ƙasa ce. In ƙasa ta girgiza ƙarƙashin teku, ruwan da yake bisa yakan tashi gaba ɗaya, ya nufo gaɓa da gudu. Ana kiran wannan tsunami. Kalmar Japon ce, duniya duka ta ara. Lungun da yake kare jirage daga iska, shi ne kuma yake ƙara wa tsunami ƙarfi. Ruwa mai yawa ya shiga wuri mai ƙunci, dole ya yi sama. Bayan ta 1896, tsunami ta sake zuwa a 1933 da 1960.

Ran 11 ga Maris 2011, da ƙarfe 2 da minti 46 na rana, aka yi girgizar da ba a taɓa auna irinta ba a Japon. Ba a yi awa guda ba ruwa ya iso Kesennuma. Ya kwashe gidaje da motoci. Ya tumɓuke manyan tankunan man jirage, mai ya malale bisa ruwa, wuta ta kama. Teku da unguwanni suka yi kwanaki suna ci. Wani jirgin su mai nauyin tan 330 ruwa ya ɗauke shi, ya kai shi cikin unguwa, fiye da rabin kilometir daga gaɓa. Jiragen fito suka lalace, mutanen Oshima suka rasa hanyar fita. A Kesennuma kaɗai fiye da mutum 1,300 suka mutu ko suka ɓata. A ƙasar duka sun fi 18,000.

Kusa da Iwaisaki akwai wata makarantar lise mai suna Koyo, gini mai hawa huɗu. Da ƙasa ta daina girgiza, malamai ba su tsaya jiran ganin ruwa ba. Suka fito da ɗalibai, suka nufi tudu da gudu. Suka isa wurin farko, suka ga bai yi tsawo ba, suka ƙara gaba. Manyan da suka rage a makaranta suka hau rufin gini. Ruwa ya kai hawa na huɗu, ya jefa mota cikin wani aji a hawa na uku. Amma cikin waɗanda suke makarantar ran nan babu wanda ya mutu.

Mutanen wannan gaɓa suna da wata tsohuwar gargaɗi da suke koya wa ƴaƴansu. In ƙasa ta girgiza, kowa ya gudu tudu nan take. Kada a koma ɗaukar kaya, kada a tsaya neman juna. In kowa ya tabbata ɗan'uwansa ma ya gudu, to, a tudu za a gamu.

8. Garin ya tashi

Girgizar ta sa ƙasar bakin ruwa ta nutse kimanin santimetir 70. Kasuwar kifi ta rushe, gidajen ƙanƙara sun lalace. Duk da haka mutane suka yi ciko, suka gyara wani sashe na kasuwa. Cikin watan Yuni na wannan shekara jirgin katsuwo na farko ya sauke kaya. Ko a 2011 Kesennuma bai saki matsayinsa na farko ba.

Dandamalin kawa duk sun tafi. Sai taimako ya zo daga Faransa. Dalili kuwa, wajen 1970 wata cuta ta kashe kawar Faransa, aka kai musu iri daga Miyagi, kiwonsu ya farfaɗo. Masu kiwon kawa na Faransa ba su manta ba. Suka tara kuɗi, suka aiko da igiyoyi da kayan aiki. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ruwan lungu ya yi baƙi bayan ambaliya, amma kurmi yana nan, kogi yana ta kawo abinci. Cikin watanni falankiton ya komo, ƙananan kifaye suka biyo, aka sake rataya igiyoyi.

An gina katangu a bakin teku, an ɗaga ƙasar wasu unguwanni, an mai da gidaje da yawa bisa tudu. An yi gardama ƙwarai kan tsawon katangun, don masunta da yawa ba su son abin da zai hana su ganin ruwa. An yi gardama kuma kan jirgin nan da ya kwana cikin unguwa. Wasu suka ce a bar shi don tunawa, wasu suka ce ganinsa yana tayar musu da baƙin ciki. Aka tambayi mutanen gari, mafi yawa suka ce a kawar, aka wargaza shi a 2013. Makarantar Koyo kuwa an bar ta yadda ruwa ya bar ta. A 2019 aka buɗe ta ta zama gidan tarihi. Motar tana nan cikin aji. Ɗalibai suna cikin masu zagayawa da baƙi suna ba su labari. A Iwaisaki siffar ɗan kokowa ba ta faɗi ba. Kusa da ita wani itace da ruwa ya karya ya rage a lanƙwashe kamar dodo mai ɗaga kai, mutane suna zuwa kallonsa.

Garin yana da sauran damuwa. A ƙidayar 2010 mutanensa sun fi 73,000, ga shi sun ragu. Samari suna tafiya manyan birane, masunta suna tsufa, wasu kifaye suna ƙaranci. Amma da hukumar gari ta tsara aikin sake gini, taken da ta zaɓa shi ne rayuwa tare da teku.

Abin riƙewa

Kesennuma garin masunta ne a arewa maso gabashin Japon. Kifi ya yi yawa a wurin saboda ruwan ɗumi da ruwan sanyi suna gamuwa. Abincin garin shinkafa ce da miso da abin da teku ya bayar: wakame, katsuwo, sanma, shak da kawa. Kurmi yana ciyad da kogi, kogi yana ciyad da teku. Teku yana kawo arziki, yana kuma kawo tsunami. Wanda ya san haɗari tun da wuri, ya kuma san abin yi, yana iya tsira.

Ma'anar kalmomi

Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye ta kowane gefe.
Gaɓa: bakin kogi ko bakin teku.
Lungun teku: wurin da teku ya kutsa cikin ƙasa.
Raƙumin ruwa: ruwan da ya yi tozo yana tafiya.
Fatsa: sanda da zare da ƙugiya na kamun kifi.
Tan: kilo 1,000.
Kurmi: daji mai itatuwa da yawa, masu duhu.
Jirgin fito: jirgin da yake ƙetarar da mutane.

Tambayoyi

1. A wace nahiya Japon take? Wane teku ne gabas da Kesennuma?
2. Me ya sa jirage suke kwana lafiya a lungun Kesennuma?
3. Ku faɗi sunan kogunan cikin teku biyu. Wanne ne mai sanyi?
4. Yaya ake kama katsuwo da fatsa?
5. Don me ba a cin kifin tabki ɗanye?
6. Wace hanya ganyen itace yake bi har ya zama abincin kawa?
7. Me ya ceci ɗaliban makarantar Koyo?
8. Don me mutanen Faransa suka taimaki masu kiwon kawa a 2011?
9. Da ku ne mutanen garin, za ku bar jirgin nan cikin unguwa ko za ku kawar da shi? Ku kawo dalili.

Lissafi

1. In ƙarfe 10 na safe ne a Damagaram, ƙarfe nawa ne a Kesennuma?
2. Kawa guda tana tace lita 200 a rana. Lita nawa kawa 50 za su tace cikin mako guda?
3. Shekara nawa ne tsakanin tsunamin 1896 da ta 2011?

Aiki

1. Ku nemi Japon da Nijar a taswirar duniya. Wacce ce take da bakin teku?
2. Ku zana dutse da kurmi da kogi da teku. Ku sa kibiya ku nuna hanyar ruwa.
3. Ku nemi sunan waɗannan da faransanci, ku rubuta cikin littafinku: tsibiri, teku, gada, kifi, gishiri, kurmi.
4. Ku tambayi wani masunci ko mai sayar da kifi a kasuwarku daga ina kifinsa yake zuwa, daga kogin Isa, ko tabkin Madarunfa, ko Tabalak, ko tabkin Cadi. Ku tambaye shi yadda ake ajiye kifi inda babu ƙanƙara.
5. Ku tambayi dattawan garinku wane haɗari ne ya taɓa samun garin, da abin da mutane suka yi. Ku rubuta layi 10, ku karanta wa aji.